Neman shawara: izinin aikina a Kanada ya kusa ƙarewa, LMIA ba ta fito ba

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar takardun Kanada. Izinin aikina irin wanda aka ɗaure da kamfani ɗaya ne, a Ontario, kuma saura mako bakwai ya ƙare. Kamfanin yana so in ci gaba. Sun ce sun shigar da neman sabuwar LMIA, wato takardar da gwamnati ke ba kamfani ta amince ya ɗauki ma'aikaci daga ƙasar waje, amma har yau shiru. Fasfona saura wata goma. Maiɗakina da yaronmu suna nan tare da ni, takardunsu rana ɗaya za su ƙare da tawa. Ga shi kuma ina da niyyar leƙa gida na ɗan lokaci. In jira LMIA ne, ko in tura haka nan? In wa'adin ya cika amsa ba ta zo ba, zan iya ci gaba da zuwa aiki? Allah ya saka da alheri.

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam Malam. Ranar da aka buga a jikin izininka ita ce ginshiƙin maganar duka. In buƙatarka ta sabunta izini ta isa IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada, a cike kafin ranar ta wuce, doka ta ba ka damar zama da ci gaba da aiki har su yanke hukunci, ko da sun ɗauki watanni. Sashe na 186(u) na ƙa'idojin shige da fice ne ya tanadi haka. Amma da sharaɗi: kamfani ɗaya, aiki ɗaya, wuri ɗaya kamar yadda tsohon izinin ya ce, kuma kana cikin Kanada.

Lura da kalmar "a cike". In kuɗin da ka biya bai kai ba, ko wani fom na dole ya yi giɓi, suna iya mayar maka da buƙatar ba tare da sun duba ta ba. A idon doka kamar ba ka taɓa turawa ba ne. In a lokacin ranar ta riga ta wuce, ka rasa matsayinka na zama a ƙasar bisa doka ke nan.

Sai maganar agogo, wadda take kayar da mutane da yawa. Na'urar IRCC da agogon UTC take aiki, wato agogon GMT. Sha biyun darensu ƙarfe 8 na dare ne a Toronto lokacin zafi, ƙarfe 7 lokacin sanyi. Wanda ya tura ƙarfe 10 na daren ranar ƙarshe ya makara da kwana guda.

Game da LMIA: shawarar hukumar ita ce a tura aƙalla kwana 30 kafin ƙarewa, tare da LMIA a hannu. In ba ta fito ba, akwai ƙofa ɗaya. Idan saura mako biyu ko ƙasa da haka izinin ya ƙare, kana iya turawa da shaidar cewa kamfani ya shigar da cikakkiyar buƙatar LMIA a kan lokaci. Jami'i zai riƙe fayil ɗin har kwana 60 yana jira. Da zarar ta fito sai ka aika ta ta fom ɗin tuntuɓar IRCC na intanet. In kwana 60 suka cika babu ita, ka sa ran a ƙi. Don haka kada ka tura yau hannu rabbana, ba ka shiga makonni biyun ba tukuna. Shirya komai, in LMIA ta fito gobe ka tura jibi, in ba ta fito ba ka tura a farkon makonni biyun nan.

Amsa ta 2

Zan ƙara a kan maganar kamfani, don "mun shigar" da baki ba shaida ba ce. Ka nemi su ba ka kwafin wasiƙar da Service Canada, ofishin gwamnati da ke duba LMIA, ta aiko ta tabbatar da karɓar buƙatarsu, mai ɗauke da lambar fayil da kwanan wata. Ita za ka haɗa.

Ka tambaye su kuma a wane rukuni suka shigar, na babban albashi ko na ƙaramin albashi. Tun daga 26 ga Satumba 2024, a rukunin ƙaramin albashi ba a ba da fiye da shekara ɗaya, kuma ba a duba buƙatar a manyan biranen da rashin aikin yi ya kai kashi 6 cikin 100, sai a wasu fannoni da aka ware kamar noma, gini da kiwon lafiya. In garinku na cikin jerin, gara ka sani yanzu.

LMIA in ta fito wata shida take da rai, dole a yi amfani da ita a cikinsu. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne, kuma a wuyan kamfani yake. Haramun ne a dokance su cire shi daga albashinka ko su ce ka biya su a bayan fage.

Amsa ta 3

Ɗan uwa, ga yadda ciken fom yake. Fom ɗinka IMM 5710 ne, jagoransa IMM 5553. Sauke sabo daga shafin IRCC, kada ka ɗauko wanda ke ajiye a kwamfutarka tun bara, suna sauya shi. Ba ya buɗewa daidai a waya ko a cikin burauza. Sauke shi a kwamfuta ka buɗe da Adobe Acrobat Reader. In ka gama sai ka danna maɓallin da aka rubuta Validate, shafin lambobin zane (barcode) ya bayyana a ƙarshe. Duk gyaran da ka yi bayan nan, ko na harafi ɗaya ne, sake dannawa kafin ka ɗora. Mai turawa ta intanet ba ya buƙatar bugawa ya sa hannu da biro.

Wuraren da ake tuntuɓe:

UCI lambarka ce ta shaida a wurin IRCC, mai alƙaluma 8 ko 10, tana saman izininka. Dabam take da lambar takardar, wadda take farawa da harafin U. Fom yana tambayar duka biyun a gurabe dabam.

Suna ka rubuta shi yadda yake a fasfo, harafi da harafi. In fasfo ya ce Mohammed, kada ka sa Muhammad don shi ne daidai a wurinka.

Sunan aiki, albashi, adireshin wurin aiki da ayyukan da kake yi su dace da abin da ke cikin LMIA da kwantiragi. Lambar sana'a ta NOC alƙaluma biyar ce tun Nuwamba 2022. In LMIA ta ce reshe kaza, kai kuma ka sa adireshin hedikwata, ka jawo wa kanka tambaya.

Tarihin aiki na shekara 10 ake nema, ba a son giɓi. Watannin da ba ka aiki ka rubuta haka, lokacin karatu ma haka.

Sai tambayar ko an taɓa hana ka biza ko izini, ko an mayar da kai daga wata ƙasa. Wannan na fi jan kunne a kai. Ba Kanada kaɗai ake nufi ba, kowace ƙasa ce. In Amurka ko Ingila sun taɓa ƙin ba ka biza, ko da shekara takwas baya, ka amsa e, ka yi bayani a layi biyu. Kanada na musayar bayanai da su. Tsohuwar ƙin biza ba kasafai take hana izinin aiki ba, ɓoye ta kuwa sashe na 40 na dokar shige da fice ya ɗauke shi a matsayin yaudara, hukuncinsa haramcin shiga ƙasar na shekara biyar.

Abin da za ka ɗora: shafin fasfo mai hoto da duk shafin da ke da hatimi ko biza, izinin aikin yanzu, sabon kwantiragi ko wasiƙar kamfani, LMIA ko shaidar shigar da ita, takardun albashi na watannin baya-bayan nan, da hoto. Kowane gurbi fayil ɗaya yake karɓa, in ka ɗora na biyu ya share na farko, don haka haɗa shafukan su zama PDF guda. Takardar da ba Turanci ko Faransanci ba sai da fassara, kuma ba kai ko danginka za ku fassara ba.

Kuɗin izinin dala 155 ne. Hoton yatsu dala 85, amma wanda ka yi a baya yana aiki shekara 10, duba ko naka yana da sauran rai. In an aiko wasiƙar a je a yi, kwana 30 gare ka, a ofishin Service Canada da aka ware, bayan ka kama layi ta intanet. Gwajin lafiya sai in aikinka na asibiti ne, renon yara, makarantar firamare ko sakandare, ko kuma sun nema. Likitan da ke jerin IRCC kaɗai ake karɓa, sakamakon kuma wata 12 yake yi.

Amsa ta 4

Fasfon nan shi ya fi damuna. Ba a ba da izinin da ya wuce ranar ƙarewar fasfo. Ko LMIA ta ce shekara biyu, a kan fasfo mai wata goma za a yanke maka, ka sake cike fom, ka sake biya. Je ofishin jakadancinku ka fara sabuntawa a makon nan. Amma kada jiran fasfo ya sa ka wuce wa'adi. In bai fito ba ka tura da tsohon, ka haɗa rasidin sabuntawa da 'yar wasiƙar bayani, sabon na zuwa ka aika kwafinsa kafin a yanke hukunci.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Wani a wurin aiki ya ce in LMIA ta fito in tuƙa zuwa iyakar Amurka in juyo, a buga min izinin nan take. Yana yiwuwa? Maganar tafiya gida fa?

Amsa ta 5

An rufe wannan hanyar tun 23 ga Disamba 2024, sai ga wasu rukunoni ƙalilan, kamar 'yan ƙasar Amurka. Kada ka gwada.

Tafiya gida kuma ka ɗage ta. Damar ci gaba da aiki a lokacin jira ta wanda bai fita ba ce. In ka fita bayan tsohon izinin ya ƙare, ko an bar ka ka dawo, a matsayin baƙo za ka shigo, ba aiki har sai an amince da sabon. Sannan izinin aiki ba biza ba ne. Bizar da ke manne a fasfo ita ke ba ka damar hawa jirgi ka dawo, kuma sau da yawa tare suke ƙarewa da izinin. Ba ta sabunta kanta. Sai sabon izini ya zo hannunka ka nemi biza daga cikin Kanada, dala 100, ka aika fasfo a manna. Bayan nan ka sayi tikiti.

Amsa ta 6

Yaya, kada a manta da maiɗakinka da yaron. Buƙatarka ba ta rufe su ba, kowa sai an nema masa, kuma kafin ranar ta wuce. Ana iya haɗa su a asusu ɗaya a tura tare.

In tana da izinin aiki na buɗe, nata ma IMM 5710 ne, dala 155 da ƙarin dala 100. Sai dai an tsaurara ƙa'ida tun 21 ga Janairu 2025: a sabon tsarin sai mijin yana aikin da ke matakin TEER (matakin ƙwarewar sana'a a tsarin NOC) 0 ko 1, ko wasu zaɓaɓɓu daga 2 da 3, kuma izininsa yana da sauran aƙalla wata 16. Ka ga inda fasfon ya sake shigowa. Izinin wata goma na iya hana ta nata. Ku duba lambar NOC ɗinka a jerin kafin ku biya. In ba ta cancanta ba, ku nema mata takardar zaman baƙo da IMM 5708, dala 100, ta ajiye aiki ranar da nata ya ƙare. Yana da zafi, amma aiki ba izini ya fi shi illa nan gaba. Yaron kuma IMM 5708, ko IMM 5709 in izinin karatu yake da shi. Takardar aure da ta haihuwa su kasance a shirye.

Amsa ta 7

Ya kamata ka san abin da zai faru in an ƙi, Allah ya kiyaye. Ranar da aka yanke hukuncin, damar aiki ta tsaya. Ba a ƙarasa mako. Daga ranar kana da kwana 90 ka nemi a maido maka da matsayi, da fom ɗin nan dai, kana biyan kuɗin maidowa sama da dala 200 a kan 155 ɗin. Kana iya zama kana jira, amma ba aiki ko na awa ɗaya, kuma dole ka gyara abin da ya jawo ƙin. Haka abin yake ga wanda ya bari ranar ta wuce bai tura ba. In kwana 90 suka wuce, fita ya rage.

In har abin ya kai nan, nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, ka duba sunansa a rajistarsu. Duk wanda ya karɓi kuɗi ya cike maka, sai an bayyana shi a fom IMM 5476. Wanda ya ce kada ka sa sunansa, ka tashi daga wurinsa, don kuskurensa kai za a tuhuma.

Mai tambaya

Na fahimta. Saura ɗaya: ofishin ma'aikata na kamfani sun ce lambar SIN ɗina, wadda ake biyan albashi da haraji da ita, za ta mutu ranar da izinin ya ƙare, ba za su iya biyana ba.

Amsa ta 8

Za su iya, Malam. SIN mai farawa da 9 tana ƙarewa tare da izini, amma wanda ya tura a kan lokaci yana ci gaba da aiki da ita a lokacin jira. Bayan ka tura, wasiƙa za ta shigo asusunka na IRCC mai nuna an karɓa kuma kana da damar ci gaba da aiki. Buga ta ka kai musu tare da rasidin biyan kuɗi. Sabon izini na zuwa ka je Service Canada a sabunta ranar, lambar ba ta canzawa. Katin lafiya na Ontario kuma ka tuntuɓi ServiceOntario, ofishin gwamnatin lardin, da wasiƙar nan kafin ya ƙare, kada ka ɗauka zai ci gaba da kansa.

Takardar izinin ta gidan waya take zuwa, a adireshin da ke fom. In za ku sauya gida ka sanar da IRCC tun kafin ku kwashe kaya. In ta iso ka karanta ta layi-layi, suna, kamfani, wuri da ranar ƙarewa, in akwai kuskure ka nemi gyara nan take.