Za a tura ni Accra kwashe wa wani kamfani bayanai, me zan tanada?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ina aiki da wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Abuja. Jiya oga ya ce in shirya, nan da mako biyu zan tafi Accra. Akwai wasu dillalan magunguna da muke wa aiki, suna da rassa a Kumasi da Tamale, za a kwashe rumbun bayanansu daga tsohuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, zuwa sabuwa. Tsohuwar har yau kan Windows Server 2012 R2 take, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2023. Kwana goma aka ba ni, ni kaɗai, oga zai riƙa bibiya ta waya. Ni kuwa ko Maraɗi ban taɓa leƙawa ba. Wallahi gabana faɗuwa yake yi.

Ɗan kasuwa daga Kwari: Wa alaikumus salam. Tafiyar ba abin tayar da hankali ba ce. Da fasfon ECOWAS ba ka buƙatar biza, kwana 90 ake bayarwa. Ka nemi katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa. Su aiko maka da takardar gayyata mai ɗauke da adireshinsu da lambar wanda zai tarbe ka. Kuɗinsu sidi ne. Kada ka dogara da katin bankinka na naira, ka karɓi guzurinka a hannu tun kana gida. Filoginsu irin namu ne, mai ƙafa uku.

Injiniya daga Kaduna: Ƙanena, Alhaji ya gama da maganar hanya, bari in shiga inda tsoronka yake. Kafin ka sayi tikiti ka tambaye su abu ɗaya: yaushe aka taɓa ɗaukar kwafin ajiyarsu aka dawo da shi kan wata na'ura, aka buɗe, aka ga yana aiki?

Na taɓa zuwa irin wannan aiki a wata ma'aikata. Aka ce min ai kullum da dare ana ɗaukar kwafi, na yarda. Ƙarfe biyun dare aiki ya cije, na juya in ɗauko kwafin, ashe faifan ya cika tun watanni, babu abin da ke shiga. Abin da ya cece ni shi ne ban taɓa tsohuwar na'urar ba. Da safe na mayar da su kanta, na sha kunya, amma ba a yi asarar ko layi ɗaya ba.

Don haka kada ka goge komai, kada ka bari a cire tsohuwar daga wuta sai sabuwar ta yi aƙalla mako tana aiki. Ka yi gwaji sau ɗaya ko biyu da kwafi, kana duba agogo. Idan gwajin ya ci awa shida, ka san yawan lokacin da za ka nema ranar aikin. Sannan ku rubuta ku sa hannu: idan ƙarfe kaza ta yi ba a gama ba, za a koma tsohuwa, kuma wane ne zai yanke wannan hukunci. Ba kai ba, mutuminsu. Cikin dare, ga gajiya, kowa cewa yake saura kaɗan.

Af, agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya. Idan kun saita sabuwar a Abuja, ka gyara, in ba haka ba cinikin bayan sha ɗayan dare zai faɗa lissafin washegari.

Mai tambaya: Na gode Yaya. Oga dai ya ce kwafin yana tafiya kowane dare.

Injiniya daga Kaduna: Haka ni ma aka ce min. Gani ya kori ji.

Wata akanta: Ni ba injiniya ba ce, amma an yi mana irin wannan sauyi a ofis, mu muka sha wuyarsa. Don Allah kada ka yarda a sa ranar a ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi da biyan albashi. Kafin ka fara, akantansu ya buga jimillar kayan da ke sito, da bashin da suke bin mutane, da wanda ake bin su. Bayan ka gama a sake bugawa a gwada. Tunda magunguna ne, ku zaɓi wasu ku duba ranar lalacewarsu. Wani lokaci rana da wata kan musanya, 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris. Ka kira Tamale ma su gwada yanka rasit, kada ka tsaya kan hedikwata kawai. Kuma kada ka dawo gida da bayanan abokan cinikinsu a kwamfutarka, Ghana tana da dokar kare bayanai tun 2012.

Ɗan Nima: Barka da zuwa tun yanzu! Ka sauka Nima ko Mamobi, Hausa za ka yi ta ji kamar kana Sabon Gari. Da safe koko da ƙosai, da rana waakye, wato shinkafa da wake. Juma'a ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda. Amma gaskiya cunkoson motocin Accra ba wasa ba ne, ranar aikin ka kwana kusa da ofishinsu.

Malam: A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi. Ka yi ƙasaru a hanya, da ka isa ka cika sallarka. Allah ya kai ka lafiya.

Mai tambaya: Amin Malam. Yaya Injiniya, na kira mai kula da kwamfutocinsu ɗazu na yi masa tambayarka. Shiru ya yi, can ya ce tun da ya kama aiki ba a taɓa gwadawa ba. Mun yi da shi gobe zai gwada ina kallo ta intanet. Ranar da suka sa kuma 30 ga wata ce, Hajiya, na roƙi oga a ɗaga zuwa Asabar ta biyu.