Jami'ar da ta ba maƙiyin ƙasarta mumbari: ilimi ne ko cin amana?

Injiniya: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Wata biyu ke nan da na aika wa wata jarida maƙala mai shafi huɗu, na bi editan da kira har sau uku, daga ƙarshe ya ce mini batun bai dami masu karatunsu ba. Shi ya sa na kawo maganar nan, ko da yake na lura ku ma ba kowane rubutuna kuke tsayawa ku karanta ba. Abin da na faɗa a cikinta shi ne, duk jami'ar da ta shimfiɗa wa maƙiyin ƙasarta darduma, ta miƙa masa makirufo, ta ci amanar ƙasar da take cikinta, ko da wane suna ta kira abin da ta yi. Misalina shi ne ranar 24 ga Satumba, 2007, lokacin da Jami'ar Kolambiya da ke New York ta karɓi shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad. Amurka da Iran ba su da hulɗar jakadanci tun 1980, sakamakon garkuwar da aka yi da Amurkawa 52 a Tehran har tsawon kwana 444, kuma a Disamban 2006 gwamnatinsa ta shirya taro don jefa shakku a kan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Ina so wani ya nuna mini abin da ɗalibai suka ƙaru da shi a ranar wanda ba za su samu a jarida ba.

Barista: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kafin mu isa ga cin amana, ina da ja a kan kalmar "maƙiyi", domin a kanta ka ɗora ginin gaba ɗaya. Tsarin mulkin Amurka ya taƙaita cin amanar ƙasa ga abu biyu, wato ɗaukar makami a kanta, ko mara wa abokan gabanta baya da taimako. A 2007 babu yaƙin da aka ayyana tsakanin Amurka da Iran, hasali ma rabon majalisar dokokin Amurka da ayyana yaƙi a hukumance tun 1942. Mutumin kuma ba ta ɓarauniyar hanya ya shigo ba, taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya kawo shi, kuma yarjejeniyar 1947 ta ɗora wa Amurka nauyin barin wakilan ƙasashe su iso hedikwatar. Gwamnatin da ta buga masa biza ba ka kira ta maciyiyar amana ba, sai jami'ar da ta ba shi kujera.

Injiniya: Barista, ba a gaban alƙali muke ba. Tun 1984 Amurka ta sanya Iran cikin jerin ƙasashen da take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma a 2002 Shugaba Bush ya lissafa ta tare da Iraƙi da Koriya ta Arewa a matsayin ƙawancen sharri. Idan wannan bai isa a kira mutum maƙiyi ba, sai ka faɗa mana abin da ya isa.

Malama: Ku yi haƙuri in shigo, domin ina ganin ku biyun duka kun yi wa kalmar hawan ƙawara. "Maƙiyi" daga "ƙi" ta fito, kuma ƙiyayya aikin zuciya ce, ana iya ƙin mutum shekara goma bai ma sani ba. Gwamnati kuwa ba ta da zuciya, manufa take da ita. Kalmar da ta dace da ƙasashe ita ce "abokin gaba", kuma ba a banza Bahaushe ya sa "aboki" a cikinta ba, domin gaba igiya ce mai baki biyu, kowa yana riƙe da nasa yana ja. Akwai kuma "magabci", wadda ta fi kaushi, da "abokin hamayya", wanda kuke neman abu ɗaya da shi ba tare da neman ran juna ba. Da Injiniya ya rubuta "abokin gaba" tun farko, da rabin gardamar nan ba ta taso ba.

Injiniya: Malama, da girmamawa, ba zan sa kalmar aboki kusa da sunan mutumin nan ba, ko a nahawu.

Malama: Ai ba kai ka sa ta ba, Injiniya, ka tarar da ita.

Auta: Manyana, ina neman izini in ɗan tofa. Tambayata ita ce, maƙiyi na wane lokaci? A Afrilun 1959 jagoran Kyuba, Fidel Kastro, ya yi jawabi a Jami'ar Harvard ta Amurka, dubban mutane suka taru suna saurarensa, wanda ya gabatar da shi kuwa shi ne McGeorge Bundy, shugaban tsangayar fasaha da kimiyya ta jami'ar. Ba a yi shekara biyu ba Amurka ta yanke hulɗa da Kyuba, a Janairun 1961, kuma Bundy ɗin nan shi ne mai ba Shugaba Kennedy shawara kan tsaro lokacin da aka kai farmakin neman kifar da Kastro a Afrilun wannan shekara. To, Harvard ta ci amana ne a 1959, ko kuwa sai daga baya amanar ta ciwu?

Alhaji: Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka yi tambayar manya. Ni kuwa tawa ta fi taka tsufa: wa ya fara ƙin wa? Injiniya ya fara lissafinsa daga 1979 kamar a shekarar aka halicci duniya. Ya tsallake 1953, lokacin da hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka taimaka aka kifar da gwamnatin Firaminista Muhammad Musaddaƙ, ya kuma tsallake 1988, lokacin da jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran da mutum 290 a ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka karɓi baƙon. Na kalli faifan taron daga farko har ƙarshe. Shugaban jami'ar, Lee Bollinger, ya tsaya yana karanta takarda, ya ce wa mutumin a gaban idonsa yana ɗauke da duk alamomin ƙasƙantaccen mai mulkin kama-karya marar imani, shi kuwa yana zaune a gefe guda na dandamalin, ana fassara masa, yana murmushi. Da ya miƙe sai ya fara da bisimilla da addu'a, sannan ya ce a al'adar ƙasarsu idan aka gayyaci mai jawabi ana barin ɗalibai su yanke hukunci da kansu. Baƙonka annabinka. Idan akwai wanda ya ci amana a ranar, to mai masaukin ne.

Dakta: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Ba walima aka gayyace shi ba, dandalin shugabannin duniya ne da jami'ar ta kafa a 2003, kuma sharaɗin da aka gindaya tun farko shi ne zai amsa tambayoyi. A 2007 ɗin ce gwamnatin Ahmadinejad ta tsare wani masani da ya yi digirin digirgir a ita wannan jami'ar, a kurkukun Evin da ke Tehran, har na tsawon watanni, ba a sake shi ba sai ana saura kwanaki kaɗan taron. Shugaban jami'ar da aka yi wa tsohon ɗalibinsa haka ba zai tarbi baƙon da kirari ba. Kuma ga amsar tambayar Injiniya, tunda an bar ta a baya: ɗalibai sun ga da idonsu an nemi ya amsa da "e" ko "a'a" kan ko yana neman a rusa Isra'ila, ya ƙi, ya mayar da tambayar wata tambaya. Sun kuma ji shi yana cewa babu masu neman jinsi ɗaya a Iran irin na Amurka, zauren ya kece da dariya da ihu. Wannan darasi ne kan yadda mai mulki yake yi idan aka raba shi da 'yan amshin shatansa.

Alhaji: 'Yata, na san ruwan Amurka kika sha shekara da shekaru, ba zan yi mamaki ba idan kika ga zagin dattijo kika kira shi darasi.

Dakta: Baba, inda na yi karatu ba hujja ba ce, kamar yadda ban tambaye ka dalilin da ya sa ka haddace laifin Amurka da shekarunsa, amma ba ka ambaci ko ɗaya na Tehran ba.

Barista: Tunda an ambaci kama-karya, ita ma kalmar ba ta zauna daidai ba. A tsarin Iran shugaban ƙasa ba shi ne na sama ba. Rundunar soji da manyan manufofin waje suna hannun jagoran addini, wanda a lokacin Ayatullah Ali Khamenei ne. Ahmadinejad ya hau a 2005 ta hanyar zaɓe, ya sauka a 2013 da wa'adinsa na biyu ya cika. Mai kama-karya ba ya tattara kayansa don wa'adi ya cika. Ke nan Bollinger ya yi kuskuren suna, kamar yadda Injiniya ya yi.

Dakta: Barista, ka tsallake 2009, da zaɓen da aka yi ta jayayya a kansa, da masu zanga-zangar da aka kashe a titunan Tehran.

Barista: Jawabin a 2007 aka yi shi, Dakta. Ba a yi wa mutum hukunci da abin da bai riga ya faru ba.

Auta: Wani abin kuma, sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin mutanen da Amurka take sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, alhali Harvard ta ba shi digirin girmamawa tun 1998. Idan jerin gwamnati ne ma'aunin maƙiyi, kamar yadda Yaya Injiniya ya kafa hujja, to shi ma ya shiga.

Injiniya: Auta, ka janye wannan. Haɗa Mandela da mutumin nan a jimla ɗaya rashin ta ido ne, kuma ban san ka da haka ba.

Auta: Yaya, ban haɗa mutanen ba, jerin na haɗa.

Hajiya: Duk kuna ta kai ruwa rana a kan suna, kun bar kuɗi. A Landan, makarantar nan ta nazarin tattalin arziki da ake kira LSE ta ba Saiful Islam Gaddafi, ɗan shugaban Libiya na lokacin, digirin digirgir a 2008, ta amince da kyautar fam miliyan ɗaya da rabi daga gidauniyarsa, ta karɓi fam 300,000 daga ciki, sannan a Disamban 2010 mahaifinsa ya yi wa makarantar jawabi ta bidiyo. Da rikici ya ɓarke a Libiya, shugaban makarantar, Howard Davies, ya ajiye aiki a Maris 2011. A ganina abin tambaya ga kowace jami'a shi ne ko akwai kuɗi a bayan gayyatar, da kuma ko an bar ɗalibai sun yi tambayar da ba a tace ba.

Malama: Hajiya, shi ma Gaddafi a lokacin ba a kiransa maƙiyi a Ingila, domin firaministansu na lokacin, Tony Blair, ya je har tantinsa a 2004 sun gaisa. Kin ga mun dawo kan kalmar.

Injiniya: To ga wanda ba za ku iya wanke shi da nahawu ba. A Disamban 1933 ita dai Kolambiyar ta karɓi Hans Luther, wakilin gwamnatin Hitler, ɗalibai suka yi bore, shugaban jami'ar Nicholas Murray Butler ya yi kunnen uwar shegu da su. A 2007 kuma shugaban tsangayar da ta shirya taron, John Coatsworth, ya ce da Hitler zai yarda a yi masa tambayoyi, da sun gayyace shi. Hali zanen dutse.

Barista: Hans Luther jakada ne, ba shugaban ƙasa ba, kai kuwa a kan shugabanni ka kafa misalinka. Kuma a 1933 Amurka tana da cikakkiyar hulɗar jakadanci da Jamus.

Injiniya: Na kawo maƙala mai shafi huɗu, an shafe yini ana yi mini gyaran kalma ɗaya, kuma har yanzu babu wanda ya ce in turo masa ita ya karanta.

Magatakarda: Jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma kamar yadda aka ɗora mini. Zaure ya fahimci cewa ba a tabbatar Ahmadinejad maƙiyi ne ba, kuma Barista da Malama sun rushe wannan kalma ta fuskar doka da ta harshe. Baba Alhaji ya kawo tarihi mai gamsarwa da ke nuna cewa Amurka ce ta fara zama maƙiyiya, ya kuma nuna cewa babban abin kunyar ranar shi ne wulaƙanta baƙo, kuma babu wanda ya iya karya wannan hujja. Dakta ta bayyana ra'ayinta na kashin kanta. An ɗan taɓo batun kuɗi da na Mandela. Muna ba Injiniya shawara ya sake duba maƙalarsa, wataƙila editan yana da dalilinsa.

Dakta: Malam Magatakarda, na kawo kurkukun Evin, na kawo tambayar da ya ƙi amsawa, ka kira su ra'ayin kashin kai, Baba kuma ya kawo karin magana ka kira ta hujjar da ba ta karyuwa. A rubuta cewa ban amince da wannan taƙaitawa ba.

Malama: Ni ma a gyara nawa. Ban ce ba abokin gaba ba ne, cewa na yi "maƙiyi" ba ta dace da ƙasa ba, sai ga shi ka ɗauke ta daga kan Iran ka liƙa wa Amurka, har da yi mata jinsin mace, ka kuma sa sunana a kusa.