In ajiye aikin injiniya in koma rubuta littafin shiga intabiyu?

Mai_Manhaja:
Assalamu alaikum. Shekara 7 ke nan ina aikin injiniyan manhaja. Kafin in samu inda nake yanzu sau 4 na faɗi intabiyu, kuma duk ranar da na faɗi sai in zauna in rubuta tambayar da ta kayar da ni da yadda ya kamata in amsa ta. Rubutun ya taru har shafi 90. Na tura wa wasu ƙanne masu neman aiki, biyu suka dace, yanzu kowa cewa yake in mayar da shi littafi. Gaskiya raina ya fi kwanciya da rubutun. In ajiye aiki in rungume shi?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumussalam. Ƙanena, rubuta littafin, amma kada ka ajiye aikin tukuna. Shafukanka 90 duk daga kujerar wanda ake tambaya aka rubuta su. Abin da mai karatu ke nema shi ne abin da ake faɗa bayan ya fita an rufe ƙofa. Dubi Gayle Laakmann McDowell: ta yi aiki a Microsoft da Apple da Google, ta zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata na Google, sannan ta rubuta Cracking the Coding Interview, wanda bugunsa na 6 ya fito a 2015 da tambayoyi 189. Tambayoyin kowa na iya tarawa, LeetCode, shafin intanet na atisayen irin waɗannan tambayoyin, cike yake da su. Zaman da ta yi a wancan ɓangaren teburin shi ya ba littafin nauyi. Ka nemi a riƙa saka ka cikin masu yi wa sababbi intabiyu a wurin aikinku, ko na shekara ɗaya ne. Ni sai da na fara haka na gane ana iya ɗaukar wanda bai gama amsa ba, a bar wanda ya gama amma bai buɗe baki ya bayyana tunaninsa ba.

Mai_Lura:
Ka duba takardun da ka sa wa hannu. Kamfanoni da yawa kan sa ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri kafin intabiyu. Kada ka kwafe tambayarsu kai tsaye, ka ƙirƙiri taka mai koyar da dabara iri ɗaya.

Ɗaliba_Mai_Nema:
Yaya, ni mai karanta irin waɗannan littattafan ce, kuma roƙona ɗaya ne: ka rubuta hanyar da ba ta ɓulle ba kafin wadda ta ɓulle. Na haddace cewa in lambobi miliyan ɗaya suna jere daga ƙarami zuwa babba, raba su biyu-biyu zai kai ka ga wadda kake nema a mataki kusan 20. Da aka ɗan juya min tambayar a gaban farin allo sai na daskare, don ba a taɓa nuna min yadda mutum ke fara lalube ba. Kuma kada ka manta tambayoyin hali, wato waɗanda ake tambayar mutum yadda ya tunkari wani lamari a wurin aiki. Amazon na da ƙa'idojin shugabanci 16 da take gina nata a kansu, ni kuwa rabin awa kawai na ba su da zan shirya.

Mai_Manhaja:
Na gode ƙwarai. Malam Tsohon_Hannu, gobe zan yi wa shugaban sashenmu maganar shiga cikin masu intabiyun. Ƙanwata, amsoshin da na faɗi da su duk suna nan, da har na yi niyyar goge su don kunya. Zan bar su a farkon kowane babi. In na gyara na farko, za ki karanta min?