Shawarwarin masu zanen tsirrai kan furen yakuwa

Kan yadda ake zana furen yakuwa, shawarar da kowa ya maimaita ita ce ka zana abin da idonka ya gani. Furen yakuwa zagaye yake, amma da ya juya gefe sai ya koma siffar ƙwai. Rufe ido ɗaya, miƙe hannu ka auna da fensir, kada ka motsa kai.

A kan launi aka yi ja-in-ja. Wasu sun yarda da hoton waya, ni dai ban yarda ba, yakan sauya jan. A shafa haɗin fentin a guntun takarda, a bari ya bushe tunda fentin ruwa yana koɗewa, sannan a kara shi jikin furen. Kuma a fara da safe, kafin ruwan ɗorawarsa ya rikiɗe ya yi ja-ja.