Neman shawara: yaya zan fassara wa Baba kalmar "sfinkta"?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifina yana fama da ƙwannafi, kullum bayan tuwon dare sai ya zauna yana dafe da ƙirji. Likita ya ce sfinktar da ke bakin cikinsa ce ta yi sanyi. Muna fitowa Baba ya ce, "Ke da kike karatun asibiti, mene ne wannan abu?" Wallahi na san shi a littafi, amma bakina ya kasa kawo shi da Hausa. Daga ina kalmar ta fito, kuma me zan ce masa?

Malamin kimiyya: Wa alaikumussalam. Kalmar Girkanci ce, daga aikatau "sfingein", wato a ɗaure tamau, a matse. "Sfinkter" kuwa shi ne maɗauri. Galen, likitan nan da aka haifa a Fergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 129 Miladiyya, ya yi amfani da ita ga tsokar jiki, daga nan ta shiga Latinanci. Larabawa ma ma'anar suka bi, suka ce "al-asira", mai matsewa. Tsoka ce da ta zagaye ƙofa kamar zobe, ta tsuke ta rufe, ta saki ta buɗe.

Tsohuwar ungozoma: 'Yata, kada ki kai Baba Girka. Ki ce masa zariya. Duk mai wando ya san in zariya ta saki, abin da ta riƙe ba ya tsayawa. Tasa tana inda maƙoshi ya haɗu da tumbi. Da ta yi sako-sako sai ruwan ciki mai tsami ya riƙa tasowa, shi ne zafin da yake ji. Shekaru ina gaya wa masu jego haka a kan ta mafitsara, ban taɓa maimaitawa ba.

Malamin kimiyya: Hajiya, na karɓa, sai dai wuri ɗaya. Zariya da hannu ake ja, mafi yawan waɗannan tsokoki kuwa ba sa jin umarnin mai su. A dubura biyu ne: ta ciki mai aiki da kanta, da ta waje wadda yaro ke koyon riƙewa. Akwai ma ta ido, mai tsuke ƙwayar in an shiga rana, da ta hanyar ruwan matsarmama, mai sunan Ruggero Oddi, ɗan Italiya da ya bayyana ta a 1887. Kada Baba ya ɗauka sakacinsa ne.

Tsohuwar ungozoma: To ki ce zariya mai jan kanta. Ya riƙa cin tuwon da wuri, ya ba da awa uku kafin ya kwanta, a ɗaga masa gefen kan gado. In haɗiya ta fara yi masa wuya ko ya soma rama, ku koma asibiti kada ku jira.

Ɗalibar jinya: Allah ya saka da alheri. Na faɗa masa bayan magariba. Ya ɗan taɓa ƙugunsa, ya ce a gaya wa Inna ta riƙa sauke tuwo kafin isha'i.