Tuƙin kwalekwalen roba a Pokhara: wane kogi?

Matafiyi: Jama'a, ina da Asabar da Lahadi a Pokhara ta Nepal. Wane kogi ya dace da sabon shiga?

Baban Ummi: Malam, ɗauki Seti na ƙasa. Kwana biyu ne, da kwanan tanti bakin ruwa, ƙarfinsa mataki 2 zuwa 3 cikin 6. Seti na sama rabin yini ne, amma yakan kai mataki 4, ba wurin koyo ba ne. Kali Gandaki kuwa kwana uku yake ci.

Yar Gwaggo: Oktoba da Nuwamba sun fi. Da damina kogunan hauka suke yi.

Sarkin Ruwa: Ɗaure rigar hana nitsewa tamau, in ta yi sako-sako za ta haye maka kai. In ka faɗa ruwa kada ka miƙe tsaye, ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu. Kwanta rigingine, ƙafafu gaba.