Fina-finan ban tsoro sun daina ban tsoro

A wata hira da aka yi kan fina-finan ban tsoro, kowa kukansa ɗaya, fim ɗin yanzu sai a yi tsit a yi tsit kawai a buga ƙara garam ka zabura, bayan minti ɗaya ka manta, wai shi ne tsoro. Shawarar da aka fi nanatawa a daina kallon tirela, wato tallan fim ɗin, nan suke zube komai. Wasu suka ce a koma na Japan da Koriya, su ba sa saurin nuna maka fatalwar, zuciyarka ce za ta ƙera abinta, ni ma nan na karkata gaskiya. Masu dogon zango kuwa in an wuce zango na 2 a haƙura, jan labari ne kawai. Kuma a kashe fitila, a ajiye waya.